Tsakuwa Huɗu a Bakin Tafki

A wani daji da ban ga dalilin kama sunansa ba, akwai wata majalisa da ake ce wa Majalisar Dabara. 'Yan majalisar nan ba sa farauta, ba sa kiwo, ko rami ba sa haƙawa. Aikinsu su zauna a inuwar wata tsohuwar tsamiya su yi ta nazarin yadda ake yin aiki: idan aiki ya ƙaru, wahalarsa a hankali take ƙaruwa, ko kuwa tashi take yi kamar wuta a busasshiyar ciyawa? Kada ka raina wannan ilimi. Su ne suka nuna wa tururuwa yadda ake gano hanya mafi kusa zuwa abinci, kuma har gobe tururuwa na cin moriyar abin. Ni dai ina ganin girmansu, duk da abin da zan faɗa a kansu.

Al'adu biyu gare su da babu mai irinsu. Ta farko, ba a auna dabara da dajin da ake zaune a ciki. Sai a ce, "Mu ɗauka daji ya yi ta faɗaɗa har ba iyaka, dabbobi sun fi yashin kogi yawa. To, a can, dabarar wa ta fi sauri?" Wadda ta yi nasara a can ita ce gwana. Wanda duk ya yi suɓutar baki ya ce, "A nan fa?" sai a dube shi sama da ƙasa, a ce bagidaje ne. Ta biyu kuwa rantsuwar ruwa. Idan malami ya ga wani ya ɗauke masa tunani ya ce nasa ne, ba a dambe, ba a zagi. Miƙewa zai yi ya rantse ba zai sake tsoma baki a ruwa lokaci ɗaya da wancan ba, sai ranar da ɗayansu ya tsaya gaban majalisa ya ce, "Kai ka fara." Rantsuwa ce mai arha, don a lokacin kogi na gudu, tafkuna kuma ko'ina ka duba.

Sai ga wata shekara damina ta yi gardama. Kogi ya ƙafe, tafkuna suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda tak, wanda wani idon ruwa ke ciyarwa daga ƙarƙashin dutse. Kowa ya koma can, mai ci da wanda ake ci. Ba a yi nisa ba bakin tafkin ya koma mahauta.

Giwa Lantana, wadda tsaron tafkin ke hannunta, ta tako har gindin tsamiya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Allah ya gafarta malamai, ban zo da dogon zance ba. Tafki ɗaya ya rage mana. Da dare ba a taɓa shi, don a lokacin ne idon ruwa ke cika shi. Saura safe da rana da yamma. So nake ku raba mini dabbobin dajin nan kashi uku, yadda babu wanda zai haɗu da maƙiyinsa a bakin ruwa. Zaki da mutanensa sun yarda za su bi rabo, amma da sharaɗi: sai rabon ya haɗa kowa da kowa, ba a bar ko ɗaya a waje ba, kuma sai majalisarku ta ce babu kuskure a cikinsa. Idan watan nan ya ƙare ba ku kawo ba, zan ja masu dogayen ƙafafu mu tafi babban kogin kudu, in bar wa mai ƙarfi tafkin. Masu gajerun ƙafafu kuwa, sai dai mu yi musu addu'a."

A can gefe akwai wata beguwa, Malama Tabawa, tsohuwar 'yar majalisa ce, ba ta da yawan magana. Da jin haka ta sunkuya ta dubi ƙafafunta. Ta baro 'ya'ya a rami waɗanda ƙayarsu ko ƙwari ba ta yi ba. Ba za su kai kogin kudu ba, ko rabin hanya ba za su kai ba.

Shugaban majalisa, wani burtu mai suna Malam Shekarau, ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, wannan tambaya ba baƙuwa ba ce, kakanninmu sun santa. Tana cikin tambayoyin nan masu sauƙin dubawa, masu wuyar samowa. Kawo mini rabo yanzu, kafin ki kaɗa kunne na gaya miki ko daidai ne. Amma a ce in samo shi da kaina? Ina! Kowace dabba aka ƙara, hanyoyin rabo sai su ninka sau uku. Har yau babu wanda ya gano hanya mai sauri, babu kuma wanda ya tabbatar cewa babu ita. A kan haka muke, kuma alhamdu lillahi bincike na tafiya yadda ake so."

Giwa ta ce, "Ƙarshen wata, Malam." Ta juya abinta.

Ana tsakiyar wata sai wani jan biri, Malam Jatau, ya ce a taru, ya zo da albishir. Gaskiya a faɗe ta, Jatau yana da kai, kaf majalisar babu mai saurin tunaninsa. Ya yi ta zane a ƙasa tun hantsi har rana ta take, ya nuna dabarar da ta fi duk wata da aka taɓa sani sauri idan dabbobi sun fi yashin kogi yawa. Kai, wuri ya ruɗe da kabbara! Hatta Malam Cindo, wani damo da ya yi barci tun daga zanen farko, ya farka yana gyaɗa kai yana cewa shi dama ya hango haka.

Tabawa ta bari hayaniya ta lafa, sannan ta ce, "Malam Jatau, matakin farko na dabararka, me ya ce?"

"Ai a fili yake. Idan dabbobi ba su kai yashin kogi yawa ba, ƙaramin lamari ne, sai a gwada kowane rabo ɗaya bayan ɗaya har a dace."

"A dajin nan, yaushe za a gama gwajin?"

Jatau ya sosa ƙeya. "To, wataƙila dutsen can zai riga ya narke. Amma wannan ba laifin dabara ba ne, Malama. Dajin ne ya yi ƙanƙanta."

"To a nan fa? Yaushe 'ya'yana za su sha ruwa?"

Shekarau ya ce, "Haba, Malama Tabawa! Da girmanki? Wannan tambayar 'yan kasuwa ce." Tabawa ta miƙe. Ta karkaɗe jikinta ta fita, ta ƙudurta a ranta cewa ko za a kira ta bagidajiya har ƙarshen rayuwarta, sai ta raba ruwan nan.

Ta bi daji gida gida tana tambaya: wa kake tsoro, wa ke tsoronka, da wa ba ka shan ruwa? Sannan ta sauka cikin busasshen kogi. Kowane gida ta ajiye masa tsakuwa a kan yashi, duk tsakuwa biyun da ke gaba da juna ta ciro ƙaya daga jikinta ta shimfiɗa a tsakaninsu. Ta yi ta cira har bayanta ya yi sanƙo, yana zafi idan rana ta doke shi. Da ta gama, abin ya zama kamar saƙar gizo, ba ka gane farko balle ƙarshe. Kwana da kwanaki tana zagaya shi, ruwan tafki na ja da baya, 'ya'yanta na lasar laka.

Wata safiya idonta ya tsaya a kan tsakuwar kunkuru, wadda ƙaya biyu kawai ke taɓa ta. Ta ce a ranta, wannan ai ba shi da matsala. Lokuta uku ne, maƙiyansa biyu. Duk inda aka saka su, dole lokaci ɗaya ya rage masa. Sai ta ɗauke tsakuwarsa da ƙayoyinta ta ajiye gefe, a kan za ta mayar da shi daga baya. Ɗaukewar nan ta sa wasu da ke da maƙiya uku suka koma biyu, su ma ta ɗauke su. Kafin azahar saƙar nan ta zube kamar an ja zaren tsohuwar riga. Ƙulli biyu kawai suka rage. Na farko shi ne na su zaki da kura da ɓauna da barewa, kuma don ba su da yawa ta gwada su da hannu, kafin la'asar ya kwance. Tabawa ta yi guɗa ita kaɗai a cikin kogi.

Sai ta juya ga ƙulli na biyu. Tsakuwa huɗu ne, kowace da ƙaya zuwa sauran ukun. Ta saka ta farko safe, ta biyu rana, ta uku yamma, ta huɗu ta rasa wurin zama. Ta juya, ta sake juyawa, babu. Huɗu masu gaba da juna duka ba sa shiga lokaci uku, ko wane ne ya zo. Ta duba ta ga ko su wane ne. Shekarau ne, da Cindo, da Jatau, da ita kanta.

Ka ji fa! Zaki da barewa sun rabu lafiya, malamai huɗu suka tsaya wa daji a wuya. Duk rantsuwar ruwa ce, kowa da kowa. Tata da Jatau ta fi daɗewa. Tun suna matasa ta gaya masa wata dabarar tsara abubuwa daga ƙarami zuwa babba, washegari ya kai majalisa da sunansa. Shekara da shekaru tana jiran ranar da zai ce, "Ke kika fara." Abin da take da shi ke nan a duniya bayan 'ya'yanta.

Maganin a bayyane yake. Ƙaya ɗaya za a ɗauke, biyu daga cikin huɗun su sha tare, shi ke nan. Ta fara zuwa wurin shugaba.

Shekarau ya saurara, ya yi dariya. "Huɗu? Malama, huɗu kika kawo mini? Idan daji ya yi girma ba iyaka, huɗu ko a lissafi ba sa fitowa. Majalisa ba ta duba ƙananan lamura."

Ta je wurin Cindo. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Wallahi ni ba ni da riƙo, kowa ya sani. A shirye nake in yafe wa duk wanda ya zo ya ce ni na fara."

Wata ya kusa ƙarewa, masu dogayen ƙafafu sun fara haɗa kan 'ya'yansu. Tabawa ta nufi bishiyar Jatau. Ta kai shi cikin kogi, ta nuna masa komai. Ya daɗe yana duban yashin nan, kuma ta ga a idonsa cewa ya gane kyan aikin.

"Kin san ƙa'ida, Malama," in ji shi. "Ɗayanmu zai tsaya ya ce ɗaya ne ya fara. Ni kuwa ba zan iya ba, duk abin da na gina a kan waccan dabarar na gina shi. Sannan wannan ta cire tsakuwa, na duba da kyau, daga ƙarami kike farawa, ashe 'yar waccan ce. Idan uwar tawa ce, ban ga yadda 'yar za ta zama ta wani ba."

Ran Tabawa ya ɓaci ƙwarai, har sauran ƙayar da ke jikinta ta miƙe. Ta so ta juya baya ta soke shi, kuma da ta yi, ni ba zan ga laifinta ba. Amma ta tuna yadda autarta ta kasa ɗaga kai da safen nan. Ta ce, "Gobe ka zo da wuri."

Washegari ta tsaya gaban majalisa da sanƙon bayanta, Giwa na tsaye a gefe. "Malamai, na zo in warware rantsuwata. Dabarar da na yi ta cewa tawa ce tun ƙuruciya, Malam Jatau ne ya fara. Wannan sabuwar ma da ke cikin kogi daga tasa ta fito, a kira ta da sunansa. Ni da shi za mu sha da rana. Malam Shekarau da safe, Malam Cindo da yamma. Ga rabon sauran daji can a kan yashi. Kun ce dubawa ba ta da wuya. To, ku tashi ku duba."

Suka sauka suka duba. Kafin Giwa ta kaɗa kunne aka tabbatar babu kuskure. Majalisa ta amince, tare da bayanin cewa dabarar ba ta da wani zurfi tunda a dajin nan kawai take aiki, amma a yaba wa Malam Jatau da ya sauko ya taimaki talakawa. Giwa ta dubi bayan Tabawa, ta dubi bayan Jatau mai sheƙi. Ta aika a gaya wa masu dogayen ƙafafu su kwance kaya.

Ranar nan da rana tsaka Tabawa ta jero 'ya'yanta zuwa tafki. Babu mai farce ko ɗaya a wurin. Suka tsoma baki suka yi ta sha har cikinsu ya yi tim, ita kuwa tana tsaye hawaye na zuba, na murna da na takaici a haɗe. Jatau na gefenta yana yi wa wasu zabi bayanin yadda tunanin ya zo masa.

Bayan shekaru autar nan ta girma ta shiga karatu a gindin tsamiya. Wata rana suna bakin tafki ta ɗago kai ta ce, "Inna, yau an koya mana Dabarar Jatau. Malam ya ce sai mai dogon nazari ke gane ta. Kina so in koya miki?"

Tabawa ta ce, "Sha ruwanki tukuna, lokacinmu ya kusa fita."