Jan Man Jirgin Dakta

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da Obasanjo. Na manta abubuwa da yawa na wannan shekara, amma wannan rana ta ƙi barina.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga Legas ba. Shekara biyu na yi a can ina wanke motoci a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa. Amma da na dawo Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ce wa kowa injin jirgi nake gyarawa (Allah Ya yafe mini, jirgin daga nesa kawai nake hangowa). Wanda ya fi kowa murna shi ne Babana, tsohon bakanike ne da idonsa ya fara rauni har ya daina zuwa gareji. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa, "Ɗana ya wuce mota, yanzu jirgi yake taɓawa."

Ashe a Tarauni akwai mai jirgi. Wani likita ne da ya yi ritaya, muna ce masa Dakta. Yana da ɗan jirgin ruwa mai ƙyallen da iska ke turawa, da ƙaramin inji na ko-ta-kwana, a ajiye a tsakar gidansa. Da can yakan kai shi dam ɗin Tiga shi da matarsa, tun rasuwarta bai sake ba. Yanzu yana son komawa ko sau ɗaya ne, amma da an tada injin sai giyabos, wato akwatin giya, ya riƙa ƙwar-ƙwar. Labarina ya kai masa, ya aiko.

Na so in ce zazzaɓi nake yi, sai na tarar Baba har ya sa hularsa ta zuwa Juma'a.

"Mu je in ga aikinka," in ji shi. "Ko ban gani ba, na ji."

Muka tarar da Dakta da abokansa uku a kan tabarma, an kawo shayi. Aka zura tiyo a duron ruwa don sanyaya inji, aka tada shi. Na hau jirgin, na karkata kai kamar mai sauraron sirri. Sannan na zaro gejin auna man giya. Man ja wur! Ni kuwa baƙin mai kaɗai na sani. Zuciyata ta ce, ka samu abin faɗa.

Na ɗaga gejin sama yadda kowa zai gani. "Ranka ya daɗe, tsatsa ce. Ruwa ya shiga ya cinye haƙoran giya. A Legas irin wannan jefarwa muke yi."

Fuskar Dakta ta sauya. Ya dafa gefen jirgin, ya ce a hankali, "Shi ke nan kenan?"

"Miƙo mini in ji," in ji Baba.

Ya shafa man a yatsa, ya murza, ya kai hanci. Sannan ya ce a kama shi ya hau. Ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin giyabos, ya kafa kunne a ƙotarta.

"Dakta, wannan man haka aka yi shi, ja ne tun daga gwangwani. Bai ƙone ba, ruwa bai taɓa shi ba, ya dai yi ƙasa. Silo ma ya yi ƙasa, injin na juyawa a hankali da yawa, shi ya sa haƙoran ke kaɗawa."

Aka ƙara mai daga wani gwangwani da ke ɗakin ajiyar Dakta (ja wur, a gabana). Baba ya lallaba ya murɗa wata 'yar ƙusa, injin ya ɗan ɗaga murya. Ƙwar-ƙwar ta ɗauke ɗif.

Ɗaya daga cikin abokan ya shaƙe da shayi. Wani ya ce, "Malam, a wane jirgi ka yi aiki?" Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Manyan jirage ya saba da su, Alhaji. Nasu man baƙi ne."

A hanyar gida yana riƙe da kafaɗata. Na jira faɗa har muka tsallaka titin Zariya, bai zo ba. Sai da muka kusa ƙofar gida ya ce, "Gobe ka zo da sukundireba. Kunnena bai mutu ba tukuna."

Wata bakwai na samu ina zama kusa da shi, sannan Allah Ya karɓi abinsa. Dakta ya je Tiga, ya aiko mana da kifi. Har yau in inji ya gagare ni, nakan juya in ce "Baba, ji wannan," sai in tuna.

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina gyaran giya, kuma na koyi abu ɗaya: duk man da na zaro, hancina ne ke fara magana. Bakina sai ya jira layi.