Ranar da Na Tsere wa Wagini

Gudu ne ya kai ni karatu ƙasar waje, inda abokin atisayena ɗan Jamaika ya hana ni waiwaye. Da na zo hutu Wagini, na taso da safe daga gonaki a guje. Na manta a garinmu ba a gudu sai ɓarayin daji sun taho.

Da na ji ƙafafu bayana, na ce matasa ne za su gwada ni. Na ƙara wuta, na isa kasuwa hannuwa a sama.

Kawu ya iso yana haki, takalmi a hannu, mutanen gari na biye da shi a guje. "Ɗan nan, ina ɓarayin?"

"Atisaye nake, Kawu."

Har yau ko buta na ɗauka, sai ya ce kowa ya zauna, ɗan Jamaikan namu ne. Amma dai ni na zo na ɗaya.