Sarewar Ailan a Karantina

Wani ne a unguwar Karantina ta Jidda, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kafili mai tsaya masa, sai bokiti da tsumma. Wankin mota yake wa wani Bature injiniya ɗan ƙasar Ailan. Kullum da yamma Baturen nan sai ya zauna a baranda yana busa doguwar sarewar katako, kiɗan garinsu, har idonsa ya yi ja. Gogan naku ya yi tunani: in ya koyi busar nan suka zama abokai, ai Bature zai yi wa kamfaninsu magana a yi masa iƙama, halas, shi ke nan, ya huta da ɓuya. Ku ji dabara fa.

Da ya ji kuɗin irin ta Baturen sai da ya dafa bango. Bature ya ce ya nemi ƙarama mai araha, ta 'yan koyo.

Ya hau bas sai haraj, kasuwar gwanjo. Ya sami wani Balarabe Bayamale mai tarkace, ya ce sarewar Ailan yake so. Bayamale bai taɓa jin Ailan ba, amma ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ya ciro wata mai ramuka shida, gogan ya ce ta yi tsada. Ya ciro ta roba, ta yara, nan ma ya ce a rage. Bayamale ya gaji, ya ce ai ramukan ne ke sa tsada, kuma ɗan koyo da rami ɗaya yake farawa. Ya zura hannu ƙasan kwali ya ciro usur irin na alƙalin ƙwallo.

"Wannan ta Ailan ce?"

"Asali ma kuwa. Yalla, kawo kuɗi."

Ya dawo unguwa bayan la'asar, mata sun baza ƙosai da gyaɗa a bakin layi. Ya tsaya a ƙofar gida, ya lumshe ido yadda Bature ke yi, ya cika ciki da iska, ya busa.

Kun dai san Karantina da ƙarar usur. Wata ta ƙwala ihu wai ga jawazat nan, masu kamen marasa takarda. Kafin ya buɗe ido layi ya hargitse. Mai ƙosai ta bar kasko a wuta, wanzami ya arce ya bar mutum da rabin aski, shi ma mai rabin askin ya rufa masa baya da tawul a wuya. Gogan ya ji an ambaci jawazat. Ya zuba a guje, usur na bakinsa, ya manta da shi sam.

Wallahi har tausayi yake ba ni. Duk hakin da ya yi, sai usur ya yi ƙara, shi kuwa ya ɗauka ɗan sanda ne a ƙeyarsa. Ya ƙara wuta, ƙara ta ƙaru. Ya sha kwana, ɗan sanda ya sha kwana. Duk lungun da ya shiga sai ya zazzage mutanen ciki, har masu iƙamar ma gudu suke, don ba wanda ya tsaya laluben aljihu.

Ya haye saman wani bene, ya faɗa bayan tankin ruwa. Ashe Baba Garba, wani tsoho mai sayar da turare, ya riga shi wurin, da takalmi ƙafa ɗaya. Tsoho ya dube shi, ya miƙa hannu ya fizge abin daga bakinsa. Gari ya yi tsit.

Gogan ya kasa kunne, ya sauke ajiyar zuciya, ya raɗa masa, "Alhamdu lillahi, Baba, mun ɓace musu."

Baba Garba ya jujjuya usur a tafin hannu, ya tambaye shi wannan kuma mene ne. Ya yi masa bayani tsaf: kiɗan Ailan ne, maigidansa Bature zai koya masa, yau ma gwaji ne kawai, bai ko kama waƙar ba tukuna.

Tsoho ya leƙa ƙasa, layi ba kowa sai maguna na rabon ƙosai.

Ya ce, "Haka ake busa a Ailan ɗin? To, yaro, shi ya sa maigidan naka ya gudo Jidda."