Rasuwar Goggo Tsintsiya, Mai Sharar Kwamfutocin Azare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fushi ya ɗan fi shi yawa, Madam Roseline ta ɗakin kwamfuta take sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Azare da kewaye rasuwar abokiyar aikinta, Goggo Tsintsiya. Abin ya faru ne ranar Litinin da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, a wani ofis da ba za a ambaci sunansa ba tunda ana cikin makoki. Marigayiyar ta shekara goma sha uku a bakin aiki. Madam Roseline ta yarda a rubuta "rasuwa" ne kawai don a mutunta takarda. Ita dai a wurinta kashe ta aka yi, kuma a gaban idonta.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ko wanda ya ci moriyarta ya tafi bai tambayi sunanta ba, 'yar ƙaramar manhaja ce ta gyaran kwamfuta. Gidanta wani jan filash ne mai ɗan makulli a gefe, wanda idan aka tura shi babu abin da zai iya shiga ko ya taɓa abin da ke ciki. Mahaifinta shi ne marigayi Oga Alfred, mutumin Bogoro, tsohon mai kula da injinan ofis, wanda ya rubuta ta da hannunsa a shekarun da bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya addabi garin. Kowa ya tuna lokacin. Mutum ya sa filash ɗinsa a shagon buga takardu, ya koma gida ya tarar kayansa duk sun ɓace, sai inuwarsu kawai, ya danna ya danna ba ta buɗuwa. Ya je wurin mai gyara, amsa ɗaya ce: a yi fomat, wato a wanke filash ɗin tas, dattin ya tafi, kayan ma su bi shi. Oga Alfred ya ce sam, fayilolin nan ba mutuwa suka yi ba, ɓoye su aka yi, kuma wanda aka ɓoye ana iya nemo shi. A kan wannan magana aka haifi Goggo Tsintsiya.

Halayenta ba sa buƙatar ƙari. Ba ta taɓa neman data ba. Ba ta taɓa tsayar da mutum yana sauri ta ce sai an sabunta ta tukuna ba. Ba ta raina kwamfuta don tsufa ba, har irin wadda fankarta take ƙara kamar injin markaɗe takan shige ta da ladabi, ta kwashe tarkacen da ya danne ta, ta kori abin da ya laɓe a lungu, har kwamfutar da a da sai shayi ya huce kafin ta farka ta dawo tana tashi da wuri. Idan aka sa ta aiki, wata baƙar taga takan buɗe, fararen layuka su yi ta gudu a kai, sai a ji muryarta: ƙit, ƙit, ƙiiit. Daga nan ta rubuta, da irin Hausar mahaifinta, "Na gama shara. Kayanka yana nan." An ga ɗalibin da aikinsa na shekarar ƙarshe ya ɓace ya zauna a ƙasa yana kuka da ya karanta wannan layi. An ga darakta guda ya cire hula ya shafa kai. Duk wanda ya taɓa jin ƙit ɗin nan na uku, ya san irin sanyin da yake sakawa a ƙirji.

To, takardar makoki ba wurin ƙarya ba ce, don haka Madam Roseline ta ce a rubuta nata laifin tun kafin wani ya rubuta mata. Ranar da Oga Alfred ya yi ritaya ya miƙa mata jan filash ɗin, bai ce ta ɓoye ba. Ita ce ta ɓoye da kanta, yadda masu ɗori da maƙera suke riƙe wani abu ɗaya a sana'arsu ba sa nuna wa kowa. Ta zo garin nan baƙuwa, ƙaramar ma'aikaciya mai buga tafireta da ba wanda ya san sunanta, sai ga shi saboda Goggo alhazai da manyan ma'aikata suna zama a bencin ƙofarta suna jiran ta ga dama. Abin ya yi mata daɗi, ba ta musu. Babayo, mai shagon buga takardu a bayan tasha, sau uku yana roƙon ta kwafi ɗaya, har da ƙwan zabi ya taɓa kawo mata. Ta karɓi ƙwan, ta hana kwafin. Ko ita kanta ba ta ajiye wani a kwamfutar ofis ba, don kada wani mai dogon hannu ya kwashe. Matar da kullum take yi wa mutane faɗa su ajiye kayansu wuri biyu, nata wuri ɗaya ta ajiye.

Marigayiyar ba ta yi jinya ba. Ranar Litinin ɗin ma da safe ta tashi kwamfuta biyu lafiya lau. Sai ga Injiniya Najmuddeen daga hedikwata, da sabon antibairos a jaka da takardar umarni mai tambari, cewa duk filash ɗin da ke shiga injin ofis sai an tantance shi, wanda aka samu da cuta a yi masa fomat. Aka jera su a tebur, har da jan. Madam Roseline ta ce masa, "Injiniya, wannan ba ya buƙatar wanka, shi yake yi wa sauran wanka." Ya ce, "Madam, takarda ba ta san wannan ba." Ya sa farcen babban yatsa ya ture ɗan makullin da shekara goma sha uku ba a taɓa turewa ba, ya soka filash ɗin. Daƙiƙa huɗu, fuskar kwamfuta ta yi ja. Baƙon antibairos ɗin nan da aka kawo jiya jiya ya dubi Goggo Tsintsiya, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana farautar bairos, ya ce ita ce bairos, ya goge ta nan take. Injiniya ya bi da fomat kamar yadda takarda ta ce, sannan ya loda takardun ofis a kan gurbin, ta yadda ko mai tono ba zai sami komai ba. Ko ƙit ɗaya ba a bar ta ta yi ba.

Abin da ya fi ƙona wa Madam Roseline rai shi ne, a daidai wannan lokaci akwai mai jiran marigayiyar a benci. Malam Hammawa ne, tsohon malamin firamare, wanda ya hau acaba tun daga Chinade da sassafe. Shekara tara yana bin dattawan unguwarsu yana rubuta abin da suka sani: wa ya haifi wa, daga ina kowane gida ya taso, su wa suka haƙa tsohuwar rijiya, ina iyakar gonar wane ta tsaya kafin a sare itacen da ke nuna ta. Littattafan da ya fara rubutawa da biro, daminar bara rufin ɗakinsa ya rufta a kansu. Abin da ya rage shi ne wanda ya buga da yatsa biyu a shaguna daban daban, shafi ɗari biyu da goma sha biyu, a cikin filash ɗaya da baduku ya ɗinka masa gidan fata kamar laya. Wannan filash ɗin ne ya wayi gari babu komai a ciki sai inuwa.

Injiniya ya duba filash ɗin malamin, ya ce cuta ce, a kawo a yi fomat. Malam Hammawa bai san ma'anar kalmar ba, amma ya ga fuskar Madam Roseline. Ya ce da ita a hankali, "'Yata, mutanen da ke cikin nan duk sun rasu, waɗanda suka ba ni labarinsu ma sun rasu. Ba ni da wanda zan sake tambaya." Madam Roseline ta riga Injiniya kai hannu. Ta ɗauki filash ɗin, ta ƙulle shi a haɓar zaninta, ta ce, "Baba, je ka gida, kayanka yana wurina." Ta juya ta ce wa Injiniya idan takardarsa ta ba shi ikon kwance zanin matar aure, to bismilla. Bai kwance ba. Washegari dai takardar tuhuma ta iso teburinta, an ba ta kwana uku ta yi bayanin dalilin ƙin bin umarni.

Ranar Laraba da hutun rana ta tafi shagon Babayo, kanta a ƙasa, tana jiran ya tuna mata da ƙwan zabi. Bai tuna mata ba. Cewa kawai ya yi, "Madam, na ji abin da ya faru. Ga kujera, ga inji." Ta zauna, ta kwance filash ɗin Malam Hammawa daga haɓar zaninta ta soka, ta buɗe baƙar tagar nan da hannunta. Shekara goma sha uku tana kallon fararen layuka suna gudu a gabanta ba ta taɓa tambayar kanta me suke cewa ba, ashe ido yana ajiya ko mai shi bai sa shi ba. Ta buga abin da ta tuna, inji ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. A karo na uku ta gane wani fili ta manta ta bari tsakanin haruffa biyu. Ta gyara ta danna, sai ga fayilolin Malam Hammawa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, shafi ɗari biyu da goma sha biyu, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Babu mai yin ƙara, sai Babayo ya yi da bakinsa: ƙit, ƙit, ƙiiit.

Nan ne Madam Roseline ta yi kukan da ba ta yi ranar Litinin ba, kuma rabinsa na kunya ne. Babban sirrin da ta hana gari, wanda saboda rashinsa ba a san adadin filash ɗin da aka wanke a shagunan Azare ba, layi ɗaya ne, bai kai tsawon sunan Malam Hammawa da na mahaifinsa ba. Sauran hikimomin Goggo, da sharar lungu da tayar da tsofaffin injina, sun tafi tare da ita, don Oga Alfred ba ya nan balle a tambaye shi. Wannan layi ɗaya ne kaɗai gadon da aka tsira da shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar jan filash, wanda yanzu yake yawo da takardun hedikwata a cikinsa ba da son ransa ba. Ta bar kwamfutoci bakwai, biyu daga cikinsu tun ranar Talata suka fara nauyin tashi. Ta bar firinta guda mai cin takarda, wadda dama ba su taɓa jituwa ba. Ta bar ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa masu yawa, daga Gololo har Zadawa, waɗanda suka tafi da kayansu cikakku. Ba ta bar ɗa ko jika ba, kuma an riga an faɗi laifin wa ne.

Ana godiya ga duk waɗanda suka zo gaisuwa. Amma masu cewa ai sai a sauko da wata a intanet, akwai irinta dubu, ana roƙonsu su yi zamansu a gida, gaisuwarsu ta iso. Haka kuma ba a karɓar maganar cewa kuskure ne na inji. Inji ba shi da farce, kuma ba shi ya ture makulli ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a ƙofar shagon Babayo da ke bayan tasha, kuma za a tashi kafin ƙarfe shida don Madam Roseline tana da koyon waƙa a coci. Ba za a haƙa rami ba, tunda ba a bar gawa ba. Za a karɓo jan filash a rataye shi a ƙusa a saman ƙofa. A ƙarƙashinsa za a rubuta layin nan a jikin bango da shuɗin fenti, da manyan haruffa, har da filin da ake mantawa, yadda mai wucewa a kan acaba zai iya karantawa. Kowa ya zo da biro da takarda ya kwafa, ya kai wa wanda ya ga dama, babu mai tambayarsa ko ƙwai ɗaya. An ajiye wa Injiniya Najmuddeen kujera a sahun gaba, kuma idan ya manta biro za a ba shi aro. Ofishin da ke jiran amsar takardar tuhuma ya ɗauki wannan sanarwa a matsayin amsa, ya sa ta a fayil ɗin Madam Roseline, ba ta da wata.

Daga nan za a buga littafin Malam Hammawa kwafi uku, ɗaya ya tafi da shi, ɗaya ya zauna a shagon Babayo, ɗaya a kai wa mai unguwarsu a Chinade, don an ga abin da ke samun abin da aka ajiye wuri ɗaya. Shi zai rufe taro. Zai miƙe ya karanta shafi na farko da ƙarfi, sunayen mutum goma sha ɗaya da suka haƙa tsohuwar rijiya, kowa da sunan mahaifinsa. Ana roƙon jama'a su yi shiru su saurara har ya kai na ƙarshe, domin da an bi takarda ranar Litinin, da tuni an binne mutanen nan karo na biyu.