Zakaran da Na Yanka wa Haske

Shekara biyu ke nan da maigidana ya bi ayarin gishiri zuwa Agadas. Rannan bayan lisha na hango haske ja can arewa da Mayahi. Na rantse wa uwar mijina wutar zangonsu ce, suna kan hanyar dawowa, har na ce na san hurin wutarsa. Na sa aka yanka zakaranmu tilo, na rambaɗa kwalli.

Muna tsaye da maƙwabta, sai hasken ya ɗaga a hankali, ya shige cikin taurari.

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, ɗana da ƙafa ya tafi, ba da fiffike ba."

Maƙwabta suka cinye zakaran. Har yau in tauraro ya gilma sai su ce, "Ɗora tukunya, ga shi nan tafe." Nakan taya su dariya, sannan in saci kallon arewa.