Gishirin Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta, dangin matata sun ɗauki alkawarin tuna mini har ranar da za a kai ni makwanci. Shekarar da gulbin Rima ya yi mana ambaliyar nan ce, wadda ta shanye shinkafar fadama ta yanke hanyoyin ƙauyuka tun daga wajen Goronyo har ƙasan Wurno. To a daidai wannan lokacin ne matata ta ga ya dace ta haihu. (Duk kwanakin duniyar nan ba su yi mata ba, sai da ta jira gulbi ya cika.)

Haihuwar fari ce, don haka tana gidan iyayenta, wani ƙauye a tsallaken fadama, ni kuma ina Wurno a shagona na ɗinki. Ragon suna na aika tun kafin ruwa ya zo. Na sayi atamfofi. Na zauna da hannuna na ɗinka wa kaina babbar riga ta farar shadda, na zuba mata aikin da ban taɓa yi wa mai biya ba, don dai ƙauyen nan su san ɗiyarsu ba ta faɗi ƙasa ba.

Ana gobe suna sai ga wayarta, murya can ƙasa.

"Atamfar nan ka aje ta. Gishiri muka so."

"Gishiri kuma? Wane irin gishiri?"

"Na miya mana. Ruwa ya shiga shagunan garinga, gishiri shi yaf fara narkewa. Mota ba ta shigowa. Tun da nih haihu miya lami nika sha. Inna ta ce in babu gishiri, ragonka sai dai mutane su haɗiye shi awa magani."

Na ji tausayinta har raina, mai jego tana shan ruwan kuka babu ɗanɗano. Amma maimakon in ce Allah ya sa a dace, kamar kowane mai hankali, sai na buɗe baki na ce, "Gishiri kawai? Ki ce ma Inna ta aza tukunya. In ban kawo shi ba, ba ni na ba." Ta kuwa faɗa wa Inna. Inna ta faɗa wa maƙwabta. Kafin la'asar, duk gidan da ke garin ya wanke ɗan kwanonsa yana jiran gishirin surukin Malam Ummaru.

A Wurno gishirin leda ya ƙare kaf, kowa ya kwashe ya aika wa nasa. Sai da na hau kabu-kabu har Achida na samu na awo, aka zuba mini a ɗan buhun yadi. Leda ma ta zama abin nema a lokacin, don duk mai tsallake ruwa sai ya ƙunshe wani abu. Guda ɗaya na samu. Ga waya, ga gishiri. Na tsaya na yi shawara irin ta manyan masu tunani: waya tsoron ruwa take yi, gishiri kuwa a kaina zai zauna, ni kuma Allah ya ba ni tsawo, Dogo ma ake ce mini. Wane ruwa ne zai kai kaina? Na ƙunshe wayata tsaf, na bar gishiri a buhun yadi.

Da safe mai kabu-kabu ya sauke ni inda hanya ta mutu. Daga nan sai ruwa ja jawur, iya ganinka. Kwalekwalen da ke wurin kaɗan ne, an bar su ga mata da tsofaffi da marasa lafiya. Maza kuwa kowa ya tuɓe ya ɗora kayansa a ka, ana bin sandunan da aka kakkafa don a gane inda hanya take. Wani da jarkar fetur, wani da buhun gero, wani ya saɓa akuya a wuya tana ta tsine masa.

Na tuɓe ni ma. Na naɗe buhun gishiri cikin babbar riga, na ɗora wando da 'yar ciki da takalmi a sama, na ɗaure na aza a ka. Abin da ya rage a jikina gajeren wando ne. (Ni tela ne, amma kada ku tambaye ni halin da wannan gajeren wando yake ciki. Na daɗe ina cewa zan kama masa baya idan aiki ya yi sauƙi. Wa zai gan shi a ƙarƙashin shadda?)

Na shiga. Ruwa ya kama gwiwa, ya kama ƙugu, ya zo ƙirji ya tsaya. Gajerun mutane suna ta miƙa wuya suna haki, ni kuwa ina tafe ina ba su haƙuri daga sama. Har wani daɗi na riƙa ji. Ina ta tsara yadda zan fita can gefe bayan wata itaciya, in saka shaddata, in shiga gari da gishiri a hannu mata na guɗa.

Yanzu sai na gaya muku wani abu game da ni da surukina, Malam Ummaru. Tun ranar da na fara zuwa zance gidansa ban taɓa tsayawa tsaye a gabansa ba. Daga nesa nake cire takalmi, in tsuguna, in kafa ido a ƙasa, ya ce "tashi, tashi," ni kuma in ƙara yin ƙasa, don haka aka koya mana. Ko a waya ya kira ni, sai dai in tsinci kaina a tsugune bayan keken ɗinki. Abin ya bar kaina ya koma gwiwoyina, ba sa ma neman izinina.

Muna tsakiyar ruwa, inda ya fi zurfi, na ɗaga ido. Ga wani ɗan kai da farin gemu yana nufo ni, ruwa har haɓa, hannu ɗaya riƙe da ƙunshin riga a ka. Surukina ne. Ashe ɗiyarsa ce ta dame shi da cewa mijinta ɗan birni ne bai san ramukan hanya ba, tsohon nan ya bar baƙinsa ya shigo ruwa tarbata.

Ku duba wannan lamari. Shi gajere, ruwa a haɓarsa. Ni zanƙalele, ina kallon tsakiyar kansa daga sama kamar wanda ya zo karɓar haraji. Na ga idonsa ya sauka kan kayan da ke kaina, na ga ya gane abin da ke shirin faruwa, don ya san surukinsa.

"Kak ka duƙa!" ya daka mini tsawa. "Ɗan nan, kak ka..."

Ina! Gwiwoyi sun riga sun yanke hukunci. Na tafi ƙasa cikin ladabi da natsuwa, ni da gishiri da shadda da takalmi, ruwa ya rufe mu ruf. A can ƙasan ma, wallahi, sai da na buɗe baki zan ce an kwana lafiya, na kwankwaɗi gulbin Rima.

Na taso ina tari, ruwa na fita ta hanci. "Ba...Baba, an kwana lahiya?"

"Tashi! Tashi, don Allah!"

To kun dai ji abin da gwiwoyina suka saba yi idan ya ce "tashi." Na sake komawa.

A karo na biyun nan ne ɗaurin ya kwance. Da na fito, wandona na shadda yana can yana tafiya Sakkwato a kan ruwa, takalmi ɗaya na bin sa a baya. Surukina ya cafko babbar riga da buhun a ciki ya ɗaga sama, ruwa na tsiyaya fari-fari. Buhun da na sha nauyinsa tun daga Achida ya koma kamar hular da aka wanke. Mai akuya ya tsaya yana dariya har akuyar ta kusa suɓuce masa.

"Malam, wanga wane na?"

"Surukina na," in ji Baba, ba tare da ya dube ni ba.

"Allah shi bar ladabi!"

Wayata kuwa lafiyarta lau. Ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Muka ci gaba da tafiya. Ni addu'ata ɗaya, kada ruwan ya ƙare. Amma ya yi ta raguwa, daga ƙirji zuwa ƙugu, kuma a bakin gaɓa ga matan gari sun yi dafifi da kwanoninsu, Inna a gaba, kusa da ita kakar matata, wata tsohuwa da ake kira Yaya wadda tun da aka ɗaura aurenmu take ce mini mijinta. Da ruwa ya sauka ƙasan ƙugu na tsaya cak. Baba ya waiwaya, ya ga dalili, ya miƙo mini tasa rigar. A jikinsa har ƙasa take kaiwa. A nawa jikin da ƙyar ta gaida gwiwa.

Yaya ta rangaɗa guɗa. "Ga angona ya iso! Ina gishirin, mai gida? Ko kihi kab ba sadaka?"

Matan nan suka duba buhu, suka duba kwanoninsu, suka juya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi mini dariyar ciwo. Na tuna mai jego tana ɗaki tana jira, na ji da ma ruwan ya tafi da ni ya bar wandon.

Inna ta kau da kai saboda kunyar suruki. Yaya ce ta karɓi ƙunshin, ta lakaci babbar rigata da yatsa ta kai baki. Ta sake lasa.

"Ku aza ruwan zahi," ta ce. "Gishirin bai tahi duka ba. Yana cikin rigar mijina."

Ina zaune a zaure cikin rigar aro, ina jin su ta katanga. Suka kankare ɗan abin da ya daskare a gindin buhu, suka ware wa mai jego. Sannan suka jiƙa farar shaddata, mai aikin da na ɓata dare da rana a kansa, suka matse ta, suka tace ruwan, suka tafasa shi har ya ƙafe, suka juye a tukunyar rago. Rigar da na ɗinka don garin nan ya gan ni da ita, garin nan cinye ta ya yi.

Da aka fito da nama, liman ya ɗanɗana ya gyaɗa kai. "Ikon Allah, yau mun ji gishiri. Wa yak kawo?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Surukina. Yaro na mai ladabi, har ƙasan ruwa."

Da yamma aka ba ni izinin leƙa ɗaki. Na tarar da ita da kwanon romo a cinya, jaririya na barci a gefe. Ta kurɓa, ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta ce, "Ya yi daɗi. Sai dai yana ɗan ƙamshin turarenka."

Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, kuma a ƙauyen ba mai kiran ta da sunan da liman ya raɗa mata, 'Yar Mai Ladabi suke ce mata. Ni kuwa abin da na koya ba shi da yawa. Ina kama bayan gajeren wandona kafin na kowa. Idan leda ɗaya ce, gishiri nake ba. Gaisuwa kuma ina nan ina tsugunawa, ban fasa ba, sai dai yanzu nakan fara duba ƙasa. Baba ma yana taya ni dubawa. Ko alwala ya gama yi ya hango ni tafe, sai ya ɗaga hannu tun daga nesa ya ce, "Dakata, ɗan nan, wuringa da ruwa."