Tayoyin Aro

Da ana mayar da abin da ya wuce, da ban ari tayoyin Bukar ba. A shekarun fari da yunwa ina da mota mai gado da murhu a ciki, wadda na saya hannun Turawan da suka keto Sahara. Lokacin bizit ya zo, wato duba lafiyar mota na shekara, tayoyina kuwa sun cinye sumul. Na ari na abokina Bukar, motar ta wuce, na mayar masa ina taƙama.

Bukar ya ce, "Ma'aikaci ka rufe wa ido, aboki. Hanya fa?"

Na ce, "Hanya ta san ni."

Na loda gero zan kai wa yayata a Garagumsa, inda yaranta ke cin dusa. Bayan Tirmini taya ta fashe, motar ta kife, buhuna suka yage cikin rairayi. Rabin buhu na iya tsincewa. Yaya ta karɓa, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ƙanena." Gara a ce zagina ta yi.

Har yau in na sa sabon takalmi, tsofaffin unguwarmu Kara-Kara sai su ce, "Alhaji, na wa aka aro?" Ku masu mota, don Allah kada ku yi irin tawa.